Kwamfutar da Ke Nacin Sai An Haɗa Ta da Intanet



Tun bayan Sallar layya zuwa yanzu, mutum biyar sun kawo mana ƙorafi iri ɗaya, wasu a ƙofar masallaci, wasu a shago, wata baiwar Allah kuma ta aiko ta bakin uwargida. Maganar dai ita ce, da an kunna kwamfutar gida sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo yana neman a haɗa ta da intanet. A rufe shi, bayan minti biyu ya dawo. Yaro yana tsakiyar karatun jarrabawa, ya dawo. Maigida yana shigar da lissafin kaya, ya dawo ya tare masa rabin shafi. Wani Alhaji ya ce mana, "Malam, ni fa na fara zargin ko mutanen ɓoye ne." Da wasa ya faɗa, amma ka ga ransa a ɓace yake.

Dalilin da ya sa ake kawo mana irin wannan magana bai wuce an saba ganinmu muna buga tambayoyin jarrabawar Islamiyya da kanmu ba, kuma bashin shago ma a kwamfuta muke rubuta shi. Mu 'yan kasuwa ne, allo da Islamiyya muka yi. Abin da za mu faɗa a nan mun tara shi ne daga shekarun da muka yi muna aiki da na'urar, da kuma zama da samarin nan masu gyara na wajen Foli, waɗanda ba sa rowar sani idan ka je musu da mutunci da ɗan kuɗin shayi.

Yawancin kwamfutocin da ke gidajen unguwar nan saboda yara suka shigo. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, duk uban da yake da hali ya ga gara yaro ya saba da ita tun a gida, kada ya je ɗakin jarrabawa hannunsa yana rawa. Ga kuma 'ya'yanmu na Foli da na jami'ar jiha da ake cewa su kawo aiki a buge. Kusan dukkanmu ta hannu muka saya, tokumbo ko wadda wani ɗalibi ya gama karatu ya sayar. To ita kwamfuta ta hannu kamar gidan haya take: wanda ya tashi yakan bar tarkacensa a ciki, kuma sau da yawa wannan tarkacen ne yake damun wanda ya tare daga baya.

Akwatin da ya fi damun mutane yana da tarihi. A shekarun 1990, a Turai da Amurka da wayar tarho ta gida ake shiga intanet. Kwamfuta ce take buga lamba kamar mai kira, a wurare da dama kuma kowane minti da kuɗinsa. Shi ya sa aka tsara ta ta tambayi mai ita kafin ta buga. Mu nan ba mu yi zamanin tarhon sosai ba, zamanin modem muka yi, ɗan abin nan mai kama da filash da ake sa wa layin waya a soka a gefen kwamfuta. Amma Windows, wato babbar manhajar da take tafiyar da na'urar, a rukunin kiran tarho take rubuta yawancin waɗannan modem ɗin. Da an soka shi sau ɗaya, sunansa ya zauna a littafinta, tare da umarnin cewa duk lokacin da aka bukaci intanet a kira ta nan.

Misalinsa kamar ka ce wa yaron shago, duk wanda ya sayi kayan da za a kai Sahuda, ka kira direba wane. Shekara ta zagayo, direban ya sayar da motar ya koma garinsu, kai ka manta da maganar, amma yaro bai manta ba. Kullum aka ambaci Sahuda sai ya zo ya tsaya a kanka: "Alhaji, in kira shi?" Modem ɗin ya daɗe da ɓata, ko yana can ƙasan akwatin ƙarfe tare da tsofaffin rasit, layin cikinsa ma an rufe shi, amma umarnin yana nan.

Gyaran wannan ba ya cin minti biyar. Za mu rubuta kalmomin yadda suke a allon, tunda da Turanci na'urar take magana. Mai Windows 7 ya shiga Control Panel, ya buɗe Internet Options, ya danna Connections. Zai ga sunan tsohon modem, a ƙarƙashinsa da zaɓi uku. Ya ɗauki na farko, Never dial a connection, ma'ana kada ta ƙara kiran kowa da kanta. Mai Windows 10 ya shiga Settings, sai Network & Internet, sai Dial-up, ya danna sunan modem ɗin ya cire shi. Idan manhajar modem ɗin tana nan har yanzu a jerin manhajoji, ita ma a cire ta. Cikin mutum biyar ɗin da muka ambata, uku a nan matsalarsu ta ƙare, kuma Alhajin nan mai zargin mutanen ɓoye yana cikinsu.

Sai dai mu a ganinmu wanda ya tsaya nan rabin aiki ya yi. Yaron shago ba ya zuwa ya ce "in kira shi?" sai in akwai wanda ya nemi a kai kaya. Haka akwatin nan ba ya fitowa haka kawai. Duk fitowarsa, akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da ta nemi fita waje, ko ta kai saƙo ko ta karɓo. Ka kashe akwatin, ka daina jin tambayar, amma mai neman fitar yana nan zaune, kuma ba ka san ko wane ne ba.

A nan ne ma muke ganin mutane sun juya abin. Suna jin haushin kwamfutar da take tambaya, suna yabon wadda ta yi shiru. Alhali mai tambayar ita ce mai ladabi. Yanzu da modem ya kau, yara daga waya suke raba wa kwamfuta data, abin da suke kira hosfot, wasu gidajen kuma an sa ɗan akwatin wayfay. Ita kwamfuta idan ta ga wayfay, ɗauka take yi kogi ta samu, ba mai awo ba mai lissafi. Ba ta tambaya. Da ta ji ƙamshin wayar da ta taɓa haɗuwa da ita sai ta maƙale, duk abin da yake jiran fita ya fita, duk abin da yake jiran shigowa ya shigo. Wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi ya saya wa 'yarsa datar wata guda ranar Alhamis, kafin a sauko Juma'a babu ko ɗigo. Ya yi ta faɗa, wai fim take kallo da dare. Yarinya ta yi ta rantsuwa tana kuka. Da aka duba, ita ko burauza ba ta buɗe ba a daren. Manhajoji ne suka yi ta sauke sababbin kayansu, ita tana barci wayar tana kusa da kwamfutar a kunne. Kuɗin data ya tafi, wannan mai sauƙi ne. Zargin da aka ɗora wa yarinya a gaban ƙannenta shi ya fi tsaya mana a rai, don irin wannan ba a mayar da shi da katin waya.

Kuma kuɗin ma ba abin rainawa ba ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai gidan da yake auna masara da kwano kafin a kai niƙa, bai kamata ya bar data tana zuba ba awo ba.

Awon kuwa yana nan cikin na'urar. A Windows 10 da 11, cikin wannan sashe na Network & Internet akwai wurin da aka rubuta Data usage. Yana nuna kowace manhaja da abin da ta sha a kwana 30 da suka wuce, daga babba zuwa ƙarama, kamar littafin bashi. Wanda ya buɗe shi karon farko yakan riƙe baki. Kafin ka tuhumi yaro, fara duba nan. Sannan a cikin bayanan wayfay ɗin da ake haɗuwa da shi akwai maɓallin Metered connection. Idan ka kunna shi, ka shaida wa kwamfutar cewa wannan ruwan na saye ne, da jarka ake kawo shi, sai ta rage ɗiba ta jinkirta manyan abubuwan da take saukewa. A wurin kuma za ka cire alamar Connect automatically, don ta daina maƙalewa sai an ce ta maƙale. Ragowar data a waya, *323# take nunawa a kowane layi, tun da aka haɗe lambobin kamfanonin suka zama iri ɗaya.

Masu neman fita da kansu, yawancinsu tare da na'urar suke tashi. A danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager zai buɗe, a duba sashen Startup. Mai Windows 7 ya rubuta msconfig a wurin nema. Jerin da za ka gani su ne masu farkawa da zarar an kunna, tun kafin ka ce musu komai. A kwamfuta ta hannu za ka tarar da abin mamaki: manhajar firintar da ba ka taɓa gani ba, ta hira da wani Bature ya yi amfani da ita a ofishinsu, maganin bairos na gwaji da wa'adinsa ya ƙare shekara uku da suka wuce yana ta neman a biya shi. Wanda ka gane kuma ba ka bukata, ka hana shi tashi. Wanda ba ka gane ba, kar ka taɓa, rubuta sunansa a takarda ka kai wa mai gyara. Mun ga wanda ya bi jerin nan ya kashe komai da komai don zafin rai, ya wayi gari kwamfuta ba ta magana.

To, wannan duk na masu neman fita ne. Akwai masu neman shigowa, kuma su ne suka sa muka ga abin ya kai a rubuta.

Iyayenmu da suka zo ƙasar nan fatauci daga Kano da Katsina da Zazzau, suka zauna cikin Gude da Fali da Fulani, duk inda suka kafa gida sai sun yi zaure. Ko gidan ɗaki biyu ne. Baƙo ya tsaya nan ya yi sallama, yaro ya fito ya ga ko wane ne, ya koma ya faɗa, sannan a ce ya shigo ko maigida ya fito. Abin da muke karantar da yara ke nan a Islamiyya idan muka zo ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur, da hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ya nuna sau uku ake neman izini, in ba a ba ka ba ka juya. Akwai kuma na Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ƙwanƙwasa ƙofar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka tambayi ko wane ne, ya amsa da cewa shi ne bai faɗi suna ba, aka nuna masa rashin jin daɗin wannan amsa. Mai neman shiga ya faɗi sunansa. Mu mutanen Mubi ma ba sai an ja mana aya a kan wannan ba. Wanda ya ga ranar 29 ga Oktoba 2014, ya kwana a daji ko ya taka zuwa Kamaru da yara a kafaɗa, har yau ba ya buɗe ƙofa da dare bai ji murya ya gane ta ba. Ba muna haɗa wancan bala'i da akwatin kwamfuta ba ne, Allah kada ya maimaita mana. Ɗabi'ar da ya bar mana muke nufi. Abin mamaki shi ne mutumin da yake tambaya sau biyu kafin ya zare sakata, shi ne zai ba yaro ɗan shekara goma sha biyu na'urar da duk duniya take ƙwanƙwasawa, bai taɓa gaya masa wa ake buɗe wa ba.

Kwamfuta ma tana da nata zauren. Idan wata manhaja tana son ta canza wani abu mai muhimmanci, allon yakan dushe, akwati ya fito yana tambayar Yes ko No, kuma yana nuna sunan kamfanin da ya yi manhajar. Idan a wurin sunan aka rubuta Unknown, to mai cewa "ni ne" ke nan. Ƙa'idar da muka kafa a gidanmu guda ce: in kai ka aika a kira shi, wato kai ka danna wani abu da hannunka kana jiran ya buɗe, kuma ka ga sunan da ka sani, ka amsa. In kana zaune ya faɗo maka, No. Ba a taɓa yin asara don an ce No ba, abin kirki zai sake tambaya.

Wanda ya fi ɓarna a gidajenmu yanzu wani ɗan ƙaramin akwati ne da yake fitowa ta saman burauza, da zaɓi biyu, Allow da Block. Shafin da aka shiga ne yake neman izinin ya riƙa turo saƙo. Masu shafukan banza sun gane yara ba sa karantawa, sai su rubuta cewa danna Allow kafin fim ya sauka, ko danna Allow don a tabbatar kai mutum ne. Ƙarya ce. Da yaro ya danna, ya ba su mabuɗin gida. Daga ranar, ko ba a shiga shafin ba, saƙonninsu za su riƙa fitowa a kusurwar allo ta ƙasa: caca, maganin ƙarfin maza, ka ci kyautar waya, da hotunan da ba ma iya siffantawa a mujallar da mata da yara suke karantawa. Baiwar Allahn da ta aiko ta bakin uwargida, nata ke nan. Ɗanta yana nuna wa kakarsa hotunan bikin 'yar uwarsu, surukai suna zaune a tabarma, sai ga abu ya faɗo. Ta ce da ƙasa za ta tsage da ta shige. Uban ya zane yaron, ya kulle kwamfutar a sif wata biyu, ga jarrabawa tana matsowa. Da muka zauna da yaron muka ce, "Kai, gaya mana gaskiya, me ka shiga?" Ya ce, "Wallahi Malam, tambayoyin JAMB na baya nake nema, aka ce in danna." Muka duba tarihin burauzar, haka ne kuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, amma wannan tsagar ba yaron ya yi ta da gangan ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa ita.

A Chrome, wanda shi yawancinmu muke da shi, ana danna ɗigo ukun nan na sama ta dama, a shiga Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, sai Notifications. Duk shafukan da aka taɓa ba izini suna jere a nan. A goge su kaf, sannan a zaɓi hana kowane shafi turo saƙo gaba ɗaya. Mu ba mu ga abin da gidan Bahaushe zai rasa ba idan ya rufe wannan ƙofar. Labarin da ya isa labari zai same ka a rediyo ko a bakin masallaci.

Akwai kuma mai zuwa da kayan jami'i. Allo ya cika da ja, wani lokaci har da ƙara, a rubuta cewa bairos ya kama kwamfutarka, ka danna nan yanzu ko ka kira wannan lamba kafin komai ya goge. Tsoro suke sayarwa. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa gargaɗinsa na gaskiya ba ya ɗauke da lambar waya. Kar a danna komai a cikin shafin, har da abin da ya yi kama da maɓallin rufewa. A danna Alt da F4 tare, ko a rufe burauzar ta Task Manager. Wanda ya bi su, ƙarshen tafiyar ɗaya ce da ta masu kiran waya su ce daga banki suke: a nemi lambar kati, ko BVN, ko lambar sirrin nan da banki yake turowa ta saƙo. 'Yan kasuwa mu fi kowa kiyayewa, tunda yanzu rabin cinikinmu tiransifa ne, kuma da yawa kwamfutar da yara suke wasa da ita, ita maigida yake buɗe asusunsa a kai.

Wata magana kuma da ba a son ji. Da yawan abin da yake damun kwamfutocinmu da hannunmu muka biya aka zuba shi. Ka kai wa mai gyara ka ce ya cika maka ita da manhajoji, ya ɗauko filash ya zuba maka waɗanda aka fasa makullinsu, na dubban nairori a kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa makullin ya raba wa duniya ba don Allah ya yi ba, sau da yawa yakan cusa nasa a ciki, kuma nasa ɗin ne yake ta neman hanyar fita ya kai rahoto gida. Ta fuskar hukunci malamai sun yi magana a kan haƙƙin mai abu, ba nan ne wurin faɗaɗa ta ba. Ta fuskar kasuwa dai mun san kayan da ba a san asalinsa ba, ko an ba ka da araha, kana kwana da fargaba. Ga wanda buga takarda da lissafi kawai yake yi, akwai LibreOffice, masu ita da kansu suka bayar kyauta, kuma tana buɗe takardun Word da Excel.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, an toshe komai har abada. Cikin masu neman fitar akwai na halal, babbansu shi ne sabuntawar da Windows take yi don toshe ɓarakar da aka gano. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle takardun mutane ta ce sai an biya fansa, har asibitocin Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida. Maganin ɓarakar da ta bi ta shiga an fitar da shi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Don haka abin da muke yi shi ne mu muke sa lokaci, ba ita ba. Sau ɗaya a wata, idan an sayi datar dare mai araha kuma batir ya cika, a cire awon nan, a bar ta ta sha ta ƙoshi, a mayar. Masu Windows 7 kuwa su sani tun 14 ga Janairun 2020 aka daina yi mata wannan gyara, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoba 2025. Irin waɗannan ba a ce a zubar ba. Suna buga takarda, suna lissafi, yaro yana koyon kibod da tambayoyin gwaji a kansu lafiya lau. Amma mu ba za mu buɗe asusun banki a kan Windows 7 ba ko da wasa.

Ai mun ma taɓa gwada zama babu intanet ɗin, ba da son ranmu ba. Lokacin dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013, da aka yanke layukan waya a Adamawa da Borno da Yobe, mu nan sai cikin Yuli aka dawo mana da su. Kasuwa ta sha wuya, mai jiran kaya daga Kano bai san inda mota take ba. Amma kwamfutar shago ba ta fasa aikinta ko na rana ɗaya ba, an rubuta bashi, an buga takardun makaranta. Tun lokacin muka gane yawancin abin da muke yi da ita ba ya bukatar waje. Shi ya sa tamu a rufe take zama, sai da dalili ake haɗa ta, a gama a cire. Littafin bashin kuma duk Juma'a muna kwafe shi a filash guda da ba ya zuwa ko'ina, ba ya shiga kwamfutar kowa. Waɗanda suka dawo ƙarshen 2014 suka tarar da shago babu kaya babu littafi, suna bin mutane kuɗi ba shaida, sun san dalilin.

Saura maganar yara. A buɗe musu nasu sashen daban a kwamfutar, irin wanda ake kira Standard, maigida ko uwargida su riƙe kalmar sirrin babban sashen. Ta haka duk abin da zai zauna a na'urar sai an zo an same ka. Wasu iyayen suna cewa ai yaran sun fi mu sani. Sun fi mu saurin hannu, wannan gaskiya ne. Amma sanin wanda ya zo da fara'ar ƙarya, da wanda yake gaggauta ka don kada ka yi tunani, wannan shekara talatin a kasuwa ce take koyar da shi, kuma shi ake bukata a gaban akwatunan nan. Ba sai ka iya Turanci ba. Ka ce yaro ya karanta maka ya fassara, ka tambaye shi, wa ya aiko, me yake so, mu muka kira shi? Iyaye mata su ma a nuna musu, don su suke gida lokacin da ake kunna ta.

Mun yi magana da biyu daga cikin samarin masu gyara, sun yarda za su zo zauren Islamiyya ranar Asabar ta farkon wata bayan La'asar, ba za su karɓi ko sisi ba a wannan zama. Mai kwamfutar da take wannan naci ya kawo ta da cajarta, ya zo da yaron da ya fi amfani da ita. Na mata uwargida za ta karɓa a cikin gida tun da safe, a manna sunan mai ita a jiki. Za a tayar da janareto, wanda ya samu hali ya taimaka da kuɗin mai.

Wassalamu alaikum.